Wando Kore, Wando Shuɗi

Shagona yana bakin hanya a Ƙofar Ran, jikin na wata Madam 'yar kudu mai sayar da zare da maɓalli. Ni tela ne, kuma yawancin aikina kayan makaranta ne. Sabon ɗinki lokacinsa ɗaya, farkon shekarar karatu. Sauran watannin duk gyara ne: faci, sakin kalmasa, sauya robar ƙugu, mayar da aljihun da ya rabu da riga.

Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Na zauna jarrabawar shiga sakandare, lissafi ya kayar da ni. Mahaifina bai yi faɗa ba, ya dai kama hannuna ya kai ni wurin wanda ya koya mini ɗinki. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Amma shekarar da 'yata ta fari ta gama aji shida, sai na riƙa jin kamar ni ne zan sake zama jarrabawar. Ta ci, alhamdu lillahi. Hedimastansu ya tara mu iyaye ya ce ƙananan sakandaren gwamnati uku ne za su iya ɗaukar yaranmu, kowa ya faɗi wadda yake so kafin a tura sunaye, ya ba mu mako biyu. Idan na zaɓa mata inda ba a karatu, ta ƙare inda na ƙare, ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

A shago da launi muke kiran makarantun nan, don da launi suke zuwa mana. Akwai masu kore, nan kusa da mu, da ƙafa ake zuwa. Akwai masu shuɗi, ta wajen Inkil. Akwai masu ruwan ƙasa, ta hanyar Miri.

Na fara tambayar mutane. Duk wanda na tambaya, makarantar da ɗansa yake ita ce ta fi. Wanda ba shi da ɗa a ko'ina kuma ya ce duk gwamnati ce, duk ɗaya ne. Madam ta ce ɗanta a kore ya yi, ga shi yanzu yana karatun jinya.

“Oga tela, ka sa yarinya a kore, zai yi karatu,” in ji ta.

Na yi godiya, amma a raina na ce ita ma nata take yabo. 'Yata ma kore take so, ita kuwa na san dalilinta, ƙawayenta biyu can za su. Na karɓi littattafan yaran maƙwabta na duba, ban tsinci komai ba. Turanci ne, kuma ko'ina jan biro iri ɗaya ne. Mai firamare ba shi da ma'aunin da zai auna sakandare. Kwana huɗu na yi ina ɗinka hannun riga a baibai ina warwarewa.

A rana ta biyar, da hantsi, na zazzage buhun kayan gyara a kan tebur don in ware su. Na tara kore gefe, shuɗi gefe, ruwan ƙasa gefe, kamar yadda na saba don kada zare ya rikice mini. Sai na tsaya ina kallo. Tulin kore ya kusa kai ƙirjina. Na ruwan ƙasa madaidaici. Shuɗi kuwa wando biyu ne kawai, su ma ba yagewa suka yi ba, masu su ne suka yi tsawo, a saki kalmasa.

Na ɗaga koren wando ɗaya, ya yage a mazauni. Na biyu, a mazauni. Na uku, na huɗu, har da na 'yan mata, duk a mazauni. Na juya shuɗin, mazauninsa lafiya lau, ko ƙura babu. Na shafa ƙafar na ruwan ƙasa, ƙarangiya ta soke ni a yatsa.

Ban san lokacin da na fara dariya ba. Ashe ma'aunin da nake nema shekara da shekaru yana kan teburina. Littafi ya fi ƙarfina, amma wando ba wanda zai karanta mini shi a garin nan. Yaron da wandonsa ke cinyewa a mazauni a ƙasa yake zama. Wanda nasa ke nan garau a benci yake zama, makarantar da ke da benci kuwa tana da tsari, mai tsari kuma tana da malamai. Masu ƙarangiya, ai ba sai an faɗa ba, gona ake kai su. Na zagaya teburin sau uku, na zauna, na sake tashi.

Madam ta leƙo. “Lafiya kana dariya kai kaɗai?”

“Madam, na gano.”

“Ka gano me?”

Na ɗaga mata wando biyu, ɗaya a kowane hannu, na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “To. Wando ya gama magana. Kai ka je makarantan ka gani?”

“Me zan gani wanda ban gani a nan ba?”

Ta koma shagonta tana girgiza kai.

Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, don haka murnar ba ta hana ni tuhumar kaina ba. Na farko, ya halatta in riƙa bin diddigin kayan mutane? An kawo mini gyara ne, ba bincike ba. Ni da ko aljihu ba na sa wa hannu sai na juya shi a gaban mai shi. Na yi ta auna abin, daga baya na samar wa kaina mafita: ba sirrin kowa na tona ba, abin da ido ke gani ne a kan titi. Na biyu, kada in yanke hukunci da buhu ɗaya. Saboda haka na ba abin kwana uku. Duk kayan da suka shigo sai na ɗaga su a haske na duba. Kullum magana ɗaya ce. Wata uwa ta kawo koren wando, tun kafin ta warware shi na ce, “A mazauni ne ko?” Ta dube ni kamar na yi duba. Daɗin da na ji a ranar, ko wanda ya ci jarrabawa sai haka.

A gida na shimfiɗa wa matata hujjojina bayan la'asar, tana tsince shinkafa.

“Malam, yanzu makarantar yarinya za ka zaɓa da gindin wando?”

“Mazauni ake cewa.”

“To, da mazauni.”

“Ke ba ki gane ba. Likita yana duba ido ya faɗi ciwon ciki. Kowa da inda yake dubawa.”

“Ashe likita nake aure ban sani ba,” ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

'Yata tana gefe tana jin mu. Ta ce, “Baba, Inkil fa da nisa.”

“Akwai keke Napep. Nisan da ke da benci a ƙarshensa ba nisa ba ne.”

Ta sa gefen hijabinta a baki tana taunawa, abin da take yi in ranta bai so ba. Na gani, na kau da kai.

Washegari na sayo shuɗin yadi. Ban jira an tura suna ba, hannuna ya ƙi jira. Na auna ta, na yanka, na ɗinka riga da wando da hijabi, na yi wa wandon kalmasa ninki biyu yadda zai kai ta aji uku ana saki. Ban taɓa yi wa wani ɗinki mai kyan wannan ba. Na rataye shi a ƙofar shago, duk wanda ya zo sai ya ji labarin. Mai shayi ya ji, mai facin taya ya ji, har wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya bai tsira ba.

Saura kwana huɗu wa'adin hedimasta ya cika, matata ta ce, “Na yarda da wandonka. Amma ko ƙofar makarantar ka je ka gani, don in yarinya ta yi zazzaɓi ka san inda za ka ɗauko ta.”

Wannan maganar ta kama ni, don zazzaɓi yana cikin abubuwan da nake tsoro. Da safe na sa kaftanin Juma'a na hau keke zuwa wajen Inkil. Sai da muka yi nisa na lura tef ɗin awo yana wuyana.

Makarantar ta yi kyau. Sabon fenti, fili share, itatuwan darbejiya a jere. Na iske ana tashi daga taron safe, yara shuɗi-shuɗi suna shiga aji a layi. Zuciyata ta yi fari. Na gaida maigadi, wani dattijo, na ce ni uba ne, na zo ganin wuri. Ya dubi tef ɗin ya ce, “Ko kai ne mai kwangilar bencin?”

“Wane benci, baba?”

“Na 'yan aji ɗaya da biyu. Tun bara ake cewa yana hanya.”

Ya raka ni bakin taga. Ajin fes, siminti sumul, babu ko kujera sai ta malami. Ina tsaye yaran suka buɗe jakunkuna, kowa ya zaro wani abu a ninke, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa, ya zauna a kai. Buhun taki ne, an yanka shi daidai zaman mutum ɗaya. Wasu har an yi musu kalmasa a gefe.

“Dokar shugaba ce,” in ji maigadi. “Iyaye sun yi ta kukan wanki. Yanzu wanda bai zo da buhunsa ba, ba ya shiga. Ka ga kayansu tsaf.”

Na ce na gani. Abin mamaki dariya ce ta taso mini, na danne ta da tari. Kwana nawa ina yaba wa makarantar nan a raina, ashe buhu nake yaba wa.

Ajin da na leƙa babu malami, monita ce ke kwafe darasi a allo. Ban yarda na riƙe wannan hujja ba, don malami mutum ne, yana iya rashin lafiya, yana iya zuwa jana'iza. Saboda kada in ɗauki alhakinsa, washegari na sake biyan keke na koma. Na same shi, mutum mai kamala, yana rubutu daga wannan ƙarshen allo zuwa wancan, yara na kwafa, ba ka jin komai sai ƙarar alli. Na tsaya har ya cika allon ya goge ya sake. Ba zan ce bai iya ba. Ban fahimci komai ba, amma wannan ba sabon abu ba ne a wurina.

A hanyar dawowa na tambayi mai keken, wanda ya ce shi ɗan Miri ne, ko gaskiya ne ana kai masu ruwan ƙasa gona. Ya ce wace gona, yanke suke yi ta cikin ciyawa don kada su makara. Na nemi gafarar malaman can a zuciyata, mutanen da ban taɓa gani ba na riga na ɗora musu fartanya. Sai dai Miri ta yi mana nisa ƙwarai, babu yadda za a yi.

Saura kwana biyu. Ma'aunina ya karye, shuɗin kaya na rataye a ƙofar shago yana kallona. Madam ta gaishe ni har sau biyu a safiya ɗaya. Na rufe shago, na sake sa kayan Juma'a, na taka zuwa makarantar kore, wadda nake wucewa kullum ban taɓa shiga ba.

Ba ta da kyan gani. Fentin ya koɗe, wata tagar kwali ne a jikinta, hayaniya kamar kasuwa. Na nemi shugaban makarantar na gaya masa gaskiya tun daga wando har buhu, don ba na son a ɗauke ni jami'i. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

“Malam, iyaye da yawa sun zo nan, amma ba a taɓa zuwa mana ta wannan hanyar ba. Me kake so?”

“In zauna a aji, ranka ya daɗe. Ko a baya.”

Ya kai ni aji ɗaya. Da na shiga sai na ga benci. Benci ko'ina, tsofaffi, baƙaƙe don daɗewa, na mutum uku an zauna biyar. Yaran suka miƙe suka gaishe ni da Turanci, suka matsa mini a bencin ƙarshe. Na tattara kaftanina na zauna a ɗan gefen da ya rage.

Malamar lissafi ce a ciki, gajeriya, ba hijabi sai ɗankwali, da jin Hausarta ka san ba a nan aka haife ta ba. Da na ga abin da ke allo, lamba a sama, layi, lamba a ƙasa, sai na gane shi. Shi ne abin da ya kayar da ni. Na so in tashi, ba hanya.

Ba ta yi rubutu da yawa ba. Ta ɗauki tsohuwar takarda ta yage ta doguwa, ta ninka biyu, ta ɗaga. Ta faɗa da Turanci, ta maimaita da Hausa: rabi. Ta sake ninkawa: kwata. Ta sake, ta warware, ta sa suka ƙirga gidajen da murya ɗaya, takwas. Kowane yaro ya yagi tasa takardar yana ninkawa. Tana yawo tsakanin benci, tana ɗaga ta wannan, tana tsokanar wancan. “Kai, naka rabi ɗaya ya fi ɗaya girma. Haka kake raba ƙosai da ƙaninka?” Aji ya kwashe da dariya.

Ni kuwa hannuna ya kai kan tef ɗin wuyana. Inci ɗaya, gida takwas. Abin da nake yi tun ina yaro, safe da yamma. Rabin inci nake bari a ɗinki, kwata a wuyan riga. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa shi ne wannan dodon na allo.

Ta rubuta tambaya: uku bisa huɗu, a cire ɗaya bisa takwas. Ta ce kowa ya duba takardarsa. Na duba tef. Kwata uku gida shida ne, a cire ɗaya.

“Biyar cikin takwas,” na ji wata murya ta faɗa. Tawa ce.

Duk aji suka juyo. Malama ta dube ni ta ce, “Baba na baya ya ci. Amma a ajina ana ɗaga hannu.”

Suka tafa mini, irin tafin nan mai ƙa'ida, uku-uku. Ni da furfura a gemu. Daɗi ya ɗebe ni, na yunƙura in miƙe in ba da haƙurin rashin ɗaga hannu, sai na ji ƙyat a bayana. Na shafa. Wandona na Juma'a ya yage a mazauni, yagewa mai kusurwa, irin wadda na yi wa faci ba adadi. Na duba bencin, ga kan ƙusa ya leƙo yana ƙyalli, wanduna sun goge shi tas.

Yarinyar da ke kusa da ni ta ce a hankali, “Baba, ba a tashi da sauri a wannan.”

A nan na gane sauran kuskurena, kuma shi ya fi ba ni kunya, don na sana'ata ne. Zaman ƙasa cinye yadi yake yi, ya yi laushi, ya koɗe, sannan ya huje. Ƙusa kuwa fizga take yi. Duk wandunan kore fizga ce. Na gani da idona sau ɗari, amma da yake na riga na ƙulla labarina, ban duba bakin yagewar ba.

Na fito ina jan kaftani ta baya, ina murmushi kamar wawa. Ban tsaya shago ba, na wuce wurin hedimasta na ce a rubuta kore. Ya ce, “Ka tabbata? An ce har ka ɗinka shuɗi.” Ashe labarin ya riga ni. Na ce na tabbata. Hujjata ɗaya ce, kuma a wannan karon ba ta yadi ba ce: matar da ta sa na fahimci abin da ya kore ni daga makaranta, cikin rabin awa, ina zaune a kan ƙusa, za ta iya da 'yata.

Da na isa gida na juya wa matata baya na ɗaga kaftanin kaɗan. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

“Likita, wa ya duba ka?”

'Yata ta yi tsalle ta tafi gaya wa ƙawayenta. Madam kuwa da ta ji, cewa ta yi, “Na faɗa maka tun farko, da ka ji, da ba ka biya ko kuɗin keke ba.” Ta zaɓo mini koren zare da kanta.

Ranar Asabar na ari guduma wurin kafinta, na nemi izinin shugaba, na bi bencin ajin ɗaya bayan ɗaya ina shafawa da tafin hannu, ina danne duk ƙusar da ta leƙo. Matata ta ce ni ne tela na farko da ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Ƙusa ɗaya ce ta gagare ni, a bencin gaba, gefen dama. Ita ke riƙe da ƙafar bencin, in na buga ta ciki katakon zai tsage. Na lanƙwasa ta iya yadda zan iya, na tafi ina tunaninta.

Wasiwasi bai bar ni ba, ba zai bari ba. In aka yi wa Malama canjin wurin aiki fa? In sauran malaman ba kamarta ba ne fa? Na kan tambayi 'yata kowace Litinin ko tana nan, ta ce tana nan. Shuɗin kayan har yau yana rataye a shago. Mutane sun ɗauka samfur ne, na bar su a haka.

Ana saura mako biyu a yi hutun zangon farko, 'yata ta dawo da rana ta same ni a zauren gida, ta miƙo mini wandonta tana sunkuyar da kai. Na ɗaga shi a haske. Fizga ce, a dama, ƙarama, irin ta ƙusar da aka lanƙwasa. Na san ƙusar kamar yadda na san sunana. Na ruga cikin gida da wandon a hannu.

“Kin gani? An mayar da ita bencin gaba. Gaba fa, wurin masu ƙoƙari.”

Matata ta dubi yarinyar. “Haka ne?”

“An mayar da ni gaba,” in ji ta, hijabi a baki. “Malama ta ce surutuna ya yi yawa a baya.”

Matata ta juya ta shiga ɗaki, kafaɗunta na rawa. Na koma zaure kan tsohon keken ɗinkina na zauna, na zura koren zare. Kafin in taka, na ciro tef daga wuyana na miƙa wa 'yata, na ce ta auna mini yagewar.

Ta ɗora, ta ƙirga da farce. “Inci ɗaya da uku bisa takwas.”

“In na bar kwata kowane gefe, facin nawa zan yanka?”

Ba ta dubi tef ɗin ba. Ta ɗan ɗaga ido sama ta ce, “Ɗaya da bakwai bisa takwas.”

Na auna da kaina sau biyu, don hali. Sannan na ɗauki almakashi na yanka daidai yadda ta faɗa.